Wane wata ya fi dacewa mu fasa asusu, kuma me zan faɗa a rahoton shekara?

Sakatariyar wata ƙungiyar mata a unguwar Garin Malam, cikin birnin Damagaram a Nijar, ta rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyayena da yayyena. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga harkar ƙungiyoyin mata, domin shekarar ƙungiyarmu ta zo ƙarshe, saura makonni biyu mu fasa asusu, kuma ni aka ɗora wa karanta rahoton shekara a gaban taro. Bana ne na fara riƙe littafi. Wadda ta riƙe shi kafin ni ta yi aure ta koma Tanut, abin da ta bar mini kuwa lissafin kuɗi ne zalla, babu ko layi ɗaya a kan abin da aka tattauna ko aka yanke.

Mu 28 ne, dukanmu ƴan unguwa ɗaya, kuma mafi yawanmu sana'ar cikin gida muke yi: akwai masu matsar man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli, akwai masu fura da masu awara, akwai mai alkaki guda ɗaya da teloli biyu. Muna zama kowace Talata bayan sallar la'asar a tsakar gidan shugabarmu, tun farko aka kauce wa Alhamis saboda ranar cin Kasuwar Dole ce. Kowace mace tana zuba dala 100, wato sefa 500, ta ƙara dala 10 a gwangwanin taimako, wanda ba a ba da bashi daga cikinsa, sai dai a cira a kai wa wadda ta haihu, ko ta yi rashi, ko ta kwanta jinya. Akwatin na ƙarfe ne mai kwaɗo uku, makullan suna hannun mata uku, shi kuma yana kwana a ɗakin ma'aji, wadda ba ta riƙe da makulli ko ɗaya.

Mun buɗe shekara a farkon Oktoban 2024, wata guda bayan ruwan da ya kayar da tsohon masallacin Birni ranar 3 ga Satumba. Ruwan bara bai tsaya a masallaci ba, domin mata uku a cikinmu ɗakunansu sun zube, saboda haka makonnin farko duk abin da ya shiga gwangwanin taimako a ranar yake fita. An ɗage komawar yara makaranta zuwa ƙarshen Oktoba saboda ambaliyar, bashin farko da muka bayar kuma kusan duka a littattafai da takalman yara ya tafi, ba a jari ba. Da kuɗi suka ɗan taru a Disamba muka sayi gero buhu 3 muka ajiye a ɗakin shugaba.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne ƙungiya ta yi rai sosai. Tabarmi ba sa isarmu, wasu sai su zauna a kan turmi. Wata mata daga Mirya ta zo sau biyu ta koya mana haɗa sabulun ruwa, unguwar zoma ta asibitin da ke kusa da mu ta zo ta yi bayani a kan awon ciki, kuma a lokacin ne mata suka fi karɓar bashin sayen gyaɗa suna biya a kan kari. Da azumi ya kama a farkon Maris muka mayar da zama hantsi, tun da babu mai barin tukunya da la'asar, amma hantsin ma bai tsira ba, ranar 8 ga Maris, ranar mata ta duniya, ta wuce ba mu yi komai ba. Bayan Sallah zafi ya zo da matsalar da kowane Badamagare ya sani: macen da ta kwana tana jiran famfo ya kawo ruwa, ko ta wuni tana neman mai ga-ruwa, ba za ka ga laifinta ba idan la'asar ta yi tana kwance.

Ranar 13 ga Mayu, ranar matan Nijar, ta faɗo a Talata, ranar zamanmu, kuma ita ce ta jawo mana saɓani mafi zafi a shekarar, domin mata shida sun nemi bashi daga akwati don su yi ankon zanen ranar, wasu suka ce akwati na sana'a ne ba na kwalliya ba. An ba su, sun kuma biya, amma har yau maganar ba ta mutu ba. Sai Layya a farkon Yuni. Mata huɗu sun karɓi bashi tun Fabrairu suka yi kiwon rago, uku sun sayar da riba, ta huɗu ragonta ya kumbura ya mutu saura kwana goma Sallah. Jika 40 ta karɓa, wato sefa dubu 40, ta biya jika 10, tun daga nan kuma ta daina zuwa zama, sai dai ta aiko ƴarta da zubi, wani makon ma ba ta aikowa. Damina ta kwashe mata tara zuwa gonakin danginsu wajen Durum da Takeita, zazzaɓin yara ya riƙe wasu a gida. A Yuli muka sayar da geron, ribar ba ta kai abin da muka sa rai ba. Da na ƙirga, a cikin Talata 52 mun zauna sau 41, kuma daga Yuli zuwa yau ba mu taɓa wuce mace 15 a tabarma ba.

Tambayata ta farko ita ce, shin mu ci gaba da fasa asusu a Oktoba kamar yadda muka tarar, ko akwai watan da ya fi shi? Wasu suna cewa raba kuɗi da kaka wauta ce. Ta biyu kuma ta fi damuna: idan na tashi karanta rahoto, in faɗi waɗannan abubuwa kamar yadda na rubuta su a nan, har da sunan mai bashi da yawan zaman da aka rasa, ko in tsaya a kan abin da zai faranta wa mutane rai? Shugaba ta ce in taƙaita, kada ranar murna ta koma ranar tonon silili, ni kuma zuciyata ba ta kwanta da hakan ba.

Tsohuwar ma'aji daga Zango ta amsa:

Wa alaikumus salam ƴata. Jikata ce take rubuta mini, ni nake faɗa. Na riƙe akwatin ƙungiyarmu shekaru masu yawa kafin idanuna su gaza, saboda haka abin da zan gaya miki daga tabarma na samo shi.

Wannan tsarin akwati da kwaɗo uku da kuke bi, na Mata Masu Dubara ne. A jihar Maraɗi aka fara shi a 1991 da taimakon ƙungiyar CARE, a kan adashin da muka gada aka gina shi, daga baya ya iso mana nan Damagaram, ya kuma bazu zuwa ƙasashe da yawa. Lokacin da muka kafa tamu babu mai karatun boko a cikinmu, babu littafi sam. Kowace mace tana da wurin zamanta da ba ya canzawa, kuma kowace tana riƙe da lissafin wadda take damanta: nawa ta ci bashi, yaushe za ta biya. Kafin a rufe akwati masu ƙirga su faɗi abin da ke ciki da ƙarfi, mu maimaita gaba ɗaya, mako mai zuwa kafin a buɗe shugaba ta tambaya nawa muka bari, mu amsa baki ɗaya. Na kawo wannan ne don ki gane cewa babu abin da za ki karanta ranar rabo wanda matan nan ba su riga sun sani ba. Sun san zaman da aka rasa, sun san mai bashi, sun san ragon da ya mutu, wataƙila wasunsu sun ga lokacin da aka ja shi aka fitar. Idan kika ɓoye, ba su kika rufa wa asiri ba, littafinki kawai kika zubar wa daraja, gobe idan kika karanta lissafi sai a ce wa ya sani ko nan ma ta taƙaita.

Amma faɗin gaskiya daban, kiran suna daban. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Kada ki bari maganar baiwar Allah nan ta kai ranar rabo ba a warware ta ba. Ke da shugaba da wata babba da take jin nauyinta ku je gidanta da dare, bayan isha'i, ba da rana ba da maƙwabta za su ga kwamiti ya shiga. Ku zauna ku yi lissafi da ita: saura jika 30 a kanta, zubinta na shekara idan ya kai jika 23 ko 24, a cire shi, abin da ya rage kaɗan ne, a raba mata shi a makonnin sabuwar shekara. Abin da ya hana ta zuwa kunya ce, ba ƙeta ba, macen da take nufin cin kuɗi ba ta aiko ƴarta da zubi. Ranar taro sai ki ce bashi ɗaya ya makara saboda asarar dabba, kwamiti ya zauna da mai shi, an daidaita yadda za a biya. Wanda ya sani ya sani. Mu mun taɓa kiran sunan wata a gaban taro a kan kuɗin da bai kai wannan ba, ta biya a mako biyu ta hanyar sayar da kwanonin ɗakinta, amma ba ta sake taka gidan da muke zama ba, ƙannenta biyu ma suka bi ta suka fita. Kuɗi sun dawo, mata uku sun tafi, har yau idan na tuna ina jin ba mu kyauta ba.

Maganar wata kuwa, ni ina bayan masu cewa rabon kaka kuskure ne. Da kaka hatsi yake araha, gyaɗa take araha, wake yake araha, lokacin ne ya kamata akwati ya kasance da nauyi don mai man gyaɗa ta sayi buhu maimakon ta riƙa awon tiya-tiya. Ku kuma lokacin kuke zazzage shi ku fara daga babu, shi ya sa sai Disamba kuka iya sayen gero, bayan manyan ƴan kasuwa sun riga sun kwashe na farko. Mu da bazara muke fasawa, kafin shamuwa ta dawo, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, mai gona tana neman iri da kuɗin ƴan ƙwadago, mai gida kuma cefane ya fara yi masa nauyi. Kuɗin da mace ta karɓa a wannan lokaci ya fi tsare mata mutunci. Wani amfanin kuma shi ne, watannin damina da mata suke watsewa za su zamo farkon shekara, lokacin da akwati ba shi da nauyi kuma babu bashi mai yawa a waje, ba ƙarshenta ba da ake bin mutane gona-gona ana neman biya.

Malamar makarantar firamare, Sabon Gari, ta amsa:

Sannu da ƙoƙari ƙanwata. Inna ta yi magana mai nauyi a kan mai bashi, ba ni da abin ƙarawa a wannan, amma a maganar wata ina roƙon ta yi mini afuwa, ban bi ta ba.

Tsarin bazara ya dace da ƙungiyar da yawancin matanta manoma ne. Ku a cikin gari kuke, mata tara ne kawai cikin 28 suke tafiya gona, sauran 19 babban nauyin da yake faɗo musu a lokaci ɗaya shi ne komawar yara makaranta a Oktoba. Ni da nake tsaye a gaban aji na san yaran da suke zuwa makon farko da littafin rubutu da biro, na kuma san waɗanda sai Nuwamba ta yi nisa ake saya musu, yawanci kuma uwa ce take sayen. Ke da kanki kin ce bashin farko na bara a kayan makaranta ya tafi. Sa'an nan a dubi kalandar Musulunci, wadda take ja baya da kwana 11 kowace shekara: azumin 2026 zai kama a tsakiyar Fabrairu, Layya kuma a ƙarshen Mayu. Idan kuka mayar da rabo bazara, shekara mai zuwa a bakin Babbar Sallah zai faɗo, kuma duk mun san inda kuɗin da ya shigo hannu a makon Sallah yake tafiya. Cinikin gero ma ba kullum yake biya ba. A Oktoban 2024 gwamnati ta hana fitar da hatsi zuwa waje, ban da Mali da Burkina Faso, damina kuma ta yi kyau a wurare da yawa, saboda haka ban yi mamaki ba da kika ce ribarku ba ta kai yadda kuka zata ba.

Abin da muka yi a tamu ƙungiyar shi ne, mun bar rabo a ƙarshen Satumba, amma ba ma zazzage akwati ƙaf. Tun kafin ranar ake yarda cewa kowace mace za ta bar wani kaso daidai da na kowa, a rubuta shi a matsayin zubinta na farko a sabuwar shekara. Da wannan ake shiga kaka da jari a hannu, uwa kuma ta koma gida da kuɗin littattafai. Damina kuwa mun daina yaudarar kanmu: daga Yuli zuwa tsakiyar Satumba zama sau biyu ne a wata, mai tafiya gona tana wakilta wadda za ta zuba mata, ba a cin ta tara, kuma ba a ba da sabon bashin da wa'adinsa zai wuce ƙarshen Agusta. Tun da muka rubuta hakan a doka, zaman da ake rasawa ya ragu, domin dokar da ta san halin mutane ita ake iya bi. Zama 11 da kuka rasa, ki duba littafi ki ga watannin da suka faɗa, ina kyautata zaton za ki tarar da su a azumi da tsakiyar damina. Idan haka ne, ki karanta su da watanninsu, taro da kansa zai ga inda gyara yake, ba sai kin zargi kowa ba.

Akwai abu ɗaya da ba ki tambaya ba amma ya taɓa ƙona ni, shi ne dala da sefa. Baki yana ƙirga da dala, takarda tana ƙirga da sefa, tsakaninsu ninki biyar ne. Shekarar da na fara riƙe littafi, wata ta biya dala 400, ina sauri na rubuta 400 kawai. Bayan wata uku aka zo duba lissafi, na karanta shi sefa 400, alhali jika 2 ta bayar, matar ta rantse, ni ma na kafe a kan abin da na gani da rubutuna, sai da mai ƙirga ta tuna cewa takardun jika guda biyu ta karɓa, ɗaya ma an liƙe ta da salatif. Na ba da haƙuri a gaban kowa. Tun daga ranar nake ja wa shafi layi biyu, ɗaya na dala ɗaya na sefa, kuma ranar rahoto da dala da jika nake karantawa, tun da shi kunne ya saba ji. Rahoton kansa ki rubuta shi da Hausa. Tun Maris na 2025 kundin da ƙasa take tafiya a kansa ya ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa, ko ba don haka ba ma, rahoton da sai an fassara wa masu shi ba nasu ba ne. Idan kuna da takardar izini daga ofishin magajin gari kuma ana neman kwafi, sai a yi gajeren bayani da Faransanci daban.

Game da zanen 13 ga Mayu, ina ganin saɓanin ya samo asali ne daga rashin sanin abin da ake tunawa. A ranar 13 ga Mayun 1991 mata suka yi tattaki a Yamai zuwa ofishin firaminista, saboda kwamitin da aka kafa don shirya babban taron ƙasa mace ɗaya tal aka sa a cikinsa, kuma ba su watse ba sai da aka yarda a ƙara yawan mata. Daga nan aka mayar da ranar ta zamo ranar matan Nijar. Waɗancan matan kujera suka je nema a inda ake yanke shawara. Ba na hana kowa ɗinki, ni ma ina ɗinkawa idan da hali, amma in da ni ce ke, zan sa a rahoto cewa taro ya yanke tun yanzu ko akwati yana ba da bashin anko ko ba ya bayarwa, don kada a sake yin gardamar ana saura kwana uku.

Wani magidanci daga Birni ya amsa:

Assalamu alaikum. Ku gafarce ni da shiga maganar mata, maiɗakina tana cikin irin wannan ƙungiya, kuma ni nake taya ta duba lissafi. Malama sakatariya, ba ki faɗi ko ana ɗora wani abu a kan bashin da kuke bayarwa ba. Na san ƙungiyoyi da yawa suna karɓar ɗaya bisa goma, suna cewa ai ribar gida take komawa tun da masu akwatin ne za su raba. Malaman da muka tambaya a nan ba su gamsu da wannan hujja ba, domin wadda ta ci bashi ita take biyan ƙarin, wadda ba ta ci ba kuma tana samun rabo daga ciki, wannan kuwa shi ne bashin da ya jawo amfani. Wannan ne ma ya sa wasu magidanta suke hana matansu shiga, ba ƙin ci gabansu ba.

Ƙungiyar maiɗakina ta canza hanya. Mai son gyaɗa, ƙungiya ce take aika mata biyu kasuwa su sayo buhun da kuɗin akwati, ya zamo mallakar ƙungiya, sa'an nan a sayar mata da shi a kan farashin da aka yi ciniki aka amince, ta biya a wa'adi, kuma ko ta makara ba a ƙara mata ko dala. Bashin jinya da na makaranta kuwa yadda aka karɓa haka ake mayarwa. Aikin ya fi wahala, tun da sai an je kasuwa an dawo, amma matan da suka fita saboda shakka sun komo.

Wannan ya shafi mai ragon kai tsaye. Ya kamata a san da wace fuska aka ba ta kuɗin. Idan bashi ne, jika 40 tana kanta, ba ƙari, kuma aya ta 280 a cikin Suratul Baƙara ta yi umarni a jinkirta wa wanda yake cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Idan kuwa an ba ta ne a kan ta juya a raba riba da ƙungiya, to a fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu asarar da ba sakaci ya jawo ta ba a kan mai dukiya take faɗawa, mai juyawa wahalarsa ce ta tafi a banza. Ba daidai ba ne ƙungiya ta ci riba tare da mata ukun da ragunansu suka yi kuɗi, ta bar ta huɗu ita kaɗai da gawa. Ku kai wa malamin unguwarku maganar da cikakken bayani kafin ranar rabo.

Sakatariyar ta sake rubutawa:

Na gode Inna, na gode Yaya Malama, na gode Malam, Allah ya saka da alheri. Malam, tambayarka ta same mu: muna karɓar ɗaya bisa goma, haka muka tarar, kuma bashi ne aka ba mata huɗun, ba haɗin gwiwa ba, abin da suka samu a ragunansu nasu ne. Na karanta wa shugaba abin da ka rubuta, ta ce mata biyu da suka fita shekarar da ta wuce wannan ne dalilinsu, ko da yake ba su faɗa a taro ba. Ta yarda mu je wurin liman ranar Asabar, ni da ita da ma'aji, kuma kafin nan kwamiti ya amince ba za a nemi ƙarin komai a kan jika 40 ɗin ba.

Jiya bayan isha'i muka je gidan mai bashin, kamar yadda Inna ta ce. Mun tarar tana tankaɗe garin ƙuli-ƙuli a hasken tocila, da ta gan mu sai ta rasa inda za ta sa kanta, ta shiga shimfiɗa tabarma tana ba da haƙuri tun ba mu ce komai ba. Igiyar ragon tana nan ɗaure a turke. Zubinta ya kama jika 23, saura 7, ta ce za ta riƙa ƙara dala 100 a kan zubinta kowane mako har makonni 14. Ta kuma roƙi a bar mata rabonta na ribar gero don ta sayi gyaɗa, babbar da muka je da ita ta ce wannan sai taro ya yarda, amma ita za ta gabatar da maganar da bakinta.

Na duba zaman da muka rasa, Yaya Malama: uku a azumi, biyu a Afrilu, ɗaya makon Layya, biyar tsakanin Yuli da Agusta. Zan karanta su haka. Maganar wata kuwa zan kai shawarwarin biyu gaban taro, na Inna da naki, ko da yake masu man gyaɗa da na fara shaida wa sun fi karkata ga barin kaso a akwati. Abin da ban sani ba shi ne nawa ya kamata kowace ta bari. Ma'aji ta ce jika 3, wanda zai ba mu jika 84 a makon farko, wasu kuma suna ganin ya yi wa masu yara da yawa nauyi. Yaya Malama, ku nawa kuke bari, kuma wadda ta ce ba za ta ci gaba a sabuwar shekara ba, kuna ba ta nata duka a ranar, ko sai an sayar da abin da aka ajiye?